Gumin Silin Albert

Makera, Kaduna
Tsakiyar watan Maris

Taubashina Jonathan,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya aiki, yaya zafin Gombe, yaya Miriam da yara? Kunnen nan naka da sauƙi, ko injinan kamfanin siminti sun cinye sauran? Na yi ta kiran ka a waya ina ihu kamar mai tallan gawayi, kai kuwa sai "Eh? Wa ke magana?" Shi ya sa na koma irin ta dā, na rubuta na ba Sani direba, tunda motarsa na zuwa wajenku. In ka manta, ni ce Celina, jikar wan kakarka. Wato uwargijiyarka, ko ka so ko ka ƙi.

Lafiyata ƙalau, sai ɗan tari. Amma gidanmu ya ƙone.

Ka san gidan, ɗakuna ne a jere ƙarƙashin rufi ɗaya, nawa ne na ƙarshe. Ran Litinin da rana zazzaɓi ya hana ni fita da gwaten da nake sayarwa, na sha magani na kwanta. Wuta ta tashi daga ɗakin farko, inda aka ajiye jarkar fetur ta janareta, ta bi ta cikin rufi tana cin ɗaki bayan ɗaki. Silin sauran mutane na katako ne da na roba, haka suka riƙa zubowa da wuta a kan kaya. Ni ban san abin da ake ciki ba. Abin da ya tashe ni, wani abu ne ya ɗiga mini a goshi. Na buɗe ido na ga madubi ya yi hazo, bango yana gumi, silin kuma duk ɗigon ruwa kamar murfin tukunya. Sama tana ruri. Na ja zane na fita da ƙafata, ko gashina bai babbake ba. Samarin unguwa ne suka kashe wutar da yashi da jarkokin masu ruwa. Babu wanda ya mutu, mun gode wa Allah.

To ga inda maganar take. Lokacin da na fito ba a watsa ko kofi ɗaya a wajen ɗakina ba. Famfonmu ya daɗe a bushe, ruwan sama kuwa ko alamarsa babu. Mutane suka leƙa suka ga ɗakin a jiƙe, gado da akwati suna nan lafiya lau. Maƙwabciyata Maman Faith, wadda keken ɗinkinta da komai nata suka zama toka, ita ta fara faɗa a tsakar gida: wace irin mace ce wuta ke tsallake ɗakinta, ruwa kuma ya sauko mata ita kaɗai? Daga nan aka tuno cewa mijina Albert ma faɗuwa ya yi rana ɗaya ya mutu. Ba su furta kalmar a gabana ba, amma ka san ta. Mayya.

Baba Samson mai gidan, dattijo ne a cocinmu, ya kira ni ya ce shi bai ce komai ba, amma don zaman lafiya, idan aka wuce Ista zai sake rufi, in nemi wani wuri. Jonathan, a ɗakin nan aka kawo ni amarya. Silin nan Albert ne ya zuba shi da hannunsa, na farar hodar nan fi-o-fi ne, sana'arsa ke nan, da ragowar da yake kawowa daga wuraren aiki, ya yi shi da kauri har ina masa tsiya. Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji, kuma ba na son barin ɗakin nan.

Amma ka san wani abu? Ko da ba korar, abin ya hana ni sukuni. Ina kwance ina kallon silin, ina tambayar kaina. Busasshen abu ne, ƙwanƙwasa shi ka ji ƙarau. Daga ina ruwan ya fito? Kai ne aka ce kullum kana ɗakin gwaji kana gasa duwatsu. Ka yi wa uwargijiyarka amfani sau ɗaya a rayuwarka.

Taka,
Celina

*

Gombe
Ƙarshen watan Maris

Ranki ya daɗe, uwargijiyar da ba ta taɓa ciyar da bawanta ba,

Na karɓi saƙonki daga hannun Sani. Muna lafiya, Miriam na gaishe ki da jaje, ta kuma sa miki zane biyu da ɗan wake a cikin ledar nan. Kunnen hagu ya tafi, na dama yana nan yana zaɓen abin da zai ji. Allah ya ƙara tsarewa, Yaya Celina.

Yanzu share hawayenki ki saurara, don kin yi tambayar da na fi so a duniya. Miriam ta hana ni yin wannan hira a gida, ta ce na ishe ta.

Hodar fi-o-fi daga wani farin dutse ake yin ta, sunansa jifsam. Mu ma muna zuba kaɗan a siminti don kada ya yi saurin kamawa. Aikina ke nan: in auna dutsen, in gasa, in sake aunawa. Kullum sai ya rage nauyi. Abin da ya tafi ruwa ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Ba irin ruwan da ke cikin soso ba ne, wanda za ki matse ko ki shanya ya bushe. Wannan yana cikin ginin dutsen kansa, a jere, kamar lakar da ke tsakanin bulo da bulo. Ki shanya shi shekara a rana, yana nan. Sai zafi ya kai na tafasar ruwa ya ɗan wuce, sannan yake sakin sa.

Masu yin hodar sukan gasa dutsen har kashi uku cikin huɗu na ruwan ya fita. Shi ya sa hodar take da ƙishirwa. Ranar da Albert ya kwaɓa ta, ta shanye ruwan da aka ƙwace mata, ta koma dutse kamar yadda take a da. Wato tun daga ranar, akwai wajen jarka biyu na ruwa a saman kanki, kina barci a ƙarƙashinsu ba ki sani ba.

Da wuta ta zo ta sama, sai silin ya fara sakin ruwan nan ya zama tururi. Ke mai girki ce, kin san tukunya ba ta ƙonewa sai ruwanta ya ƙare. Haka shi ma, muddin yana fitar da ruwa, zafinsa ba ya wuce na tafasa da yawa. Wani tururin ya tashi sama, wani ya ratso ƙasa inda ya fi sanyi, ya taru a madubi da bango da goshinki. Roba da katako ba su da wannan ajiya. Iyakar maitar ke nan.

Kada ki yarda da ni, ki gwada. Ki sami ɗan gutsuren da ya ɓalle ta gefen ƙasa, inda wuta ba ta taɓa ba. Ki shanya shi sosai don kada a ce laima ce. Ki daka, ki zuba a busasshen gwangwanin madara, ki ɗora a kan gawayi marar ƙarfi, ki rufe da gilashi. Sai ki zuba ido. Ya kamata Baba Samson ya ga wannan da idonsa.

Abu ɗaya nake so ki bincika mini. Ki sa wani ya leƙa saman silin ta inda kwano ya buɗe, ya taɓa, ya gaya miki ko yana da tauri ko yana murmushewa. Kada ki manta da wannan.

Bawanki da ke jiran tuwon da ba ya zuwa,
Jonathan

*

Makera
Farkon watan Afrilu

Jonathan,

Ina gaisuwa. Ka gode wa Miriam, zannuwan sun yi mini daidai. Tarin ya tafi. Kai kuma Allah ya shirye ka, ka jefa ni a rami.

Bari in fara da mai daɗin. Na sami gutsure a kusurwa, na shanya a kan kwano har ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Na daka, na zuba a gwangwani, na cire gilashin taga guda na rufe. Da farko shiru, har na fara zagin ka a zuci. Can sai na ga hodar tana motsi. Jonathan, tafasa take yi! Busasshiyar hoda, tana huda ƙananan ramuka tana ɓulɓulowa kamar kunu. Gilashin ya yi hazo, hazon ya zama ɗigo, ɗigon ya gangaro. Na sa yatsa na ɗanɗana. Ruwa ne, ba gishiri ba ɗaci. Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai. Na sake yi, na kuma sake, har gawayina ya ƙare.

Ka ce Baba Samson ya gani. To ni da zumuɗi, na ce me zai sa shi kaɗai, kowa ma ya gani. Ran Asabar da yamma mutanen gidan suna zaune ƙarƙashin tamfol ɗin da suke kwana a ciki, Baba ma ya zo duba katako. Na fito da murhuna tsakar gida, na ce, "Ku matso ku ga inda ruwan ya fito." Suka matso, amma a ɗarare.

Ka san gawayi, ranar da kake sauri ranar yake nawa. Hodar ta ƙi motsi, idanu duk a kaina, gumi na keto mini. Sai na yi abin da kowace mace ke yi wa tukunyar da ta ƙi tafasa. Na sunkuya na ce, "Haba, fito mana, kada ka ba ni kunya."

Ban rufe baki ba gilashin ya yi hazo.

Maman Faith ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu: "Jinin Yesu! Kun ji? Kiran sa ta yi, ya amsa!" Mata suka kwashi yara. Na ɗaga gilashin ina cewa ku taɓa, ruwa ne kawai, jifsam ne, kashi ɗaya cikin biyar, ina ta zuba musu turancinka. Duk wanda na nufa sai ya ja baya. Baba Samson ya daɗe yana kallon gwangwanin, sannan ya ce, "Celina, da ma ba ki yi wannan ba." Ya sa hularsa ya fita.

Da can raɗa ake yi, yanzu an sami shaida. Gwate nakan dawo da shi kamar yadda na fita da shi. Shugabar zumuntar mata ta aiko cewa in ɗan huta da zuwa koyon waƙa. Ni da na fi kowa murya a cikinsu!

Raina a ɓace yake, kuma da kai nake fushi, ko da yake na san bakina ne ya ja. Batun leƙa saman silin kuwa, wa zan aika? Ko almakashi na nema a gidan nan ba mai ba ni. Ka gaya mini abin da zan yi, Ista ta matso.

Celina

*

Makera
Ana saura kaɗan Ista

Jonathan,

Ina fata kuna lafiya, tunda ba ka ga dama ka faɗa ba. Sani ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannunsa wayam. Ya ce ya bar takardata a shagon Miriam. Na yi ta juya wannan magana. Ko ita ma ta karanta ta ce ka rabu da mayya? Ko kai ne ka ji kunyar danginka? In zumuncin ne ka yanke, ka rubuta layi ɗaya ka faɗa, zan iya ɗauka.

Na je unguwar Mahuta na ga wani ɗaki a bayan injin niƙa. Tagarsa ɗaya, tana kallon bango. Na dawo na fara ɗaure kwanuka, na kwance, na sake ɗaurewa.

Ga abin haushi kuma, ka sa mini wata cuta. Da rana idan gidan ya watse, sai in rufe ƙofa in hura gawayi. Na ce shin fi-o-fi ne kaɗai ke ɓoye ruwa? Na gasa alimun, wanda muke sa wa ruwan rijiya ya kwanta. Kai, wannan ya fi silin abin kallo! Narkewa ya yi, ya yi kumfa, ya kumbura ya zama fari fat, marar nauyi, gilashi kuwa sharkaf. Na gasa gishiri, shi tsalle kawai ya yi ta yi yana ƙara tas-tas, gilashin kusan a bushe. Na gasa sukari, ya yi baƙi ya cika ɗakin da ƙauri, na yi asarar gwangwani. Me ya sa gishiri da alimun suka bambanta, alhali a ido kamar 'yan uwa? Kuma wa ya zuba wa dutse ruwa tun farko?

Dubi halin da nake ciki, ana shirin fitar da ni, ni kuma ina nan ina gasa gishiri. Wataƙila da gaskiyarsu, kaina ba daidai yake ba. Ina kewar Albert ƙwarai a kwanakin nan. Da yana nan da dariya zai yi ta yi mini.

Ka amsa, ko da zagi ne.

Celina

*

Gombe
Makon Ista

Yaya Celina,

Muna lafiya, kuma ba wanda ya yanke komai. An tura mu can daji inda ake haƙo dutse, ba hanya ba waya. Jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin sikelin Miriam, ko buɗewa ba ta yi ba. Da na gaya mata abin da kika zata, ta ce in faɗa miki za ta zo Kaduna takanas ta ci gwatenki a tsakar gidan, kowa na kallo.

Na yi dariyar "fito mana" har Miriam ta leƙo, daga baya kuma dariyar ta tsaya mini a wuya. Na gaya miki abin da za a gasa, ban yi tunanin hannun da zai riƙe gwangwanin ba. A wajen aikinmu ba ruwan kowa da wanda ya kunna wuta. A tsakar gidanku kuwa shi ne dukan maganar. Don haka a sake, amma ke ki cire hannunki ƙaf. Kada gutsuren ya fito daga ɗakinki, kada gwangwanin ya zama naki, ko gawayin. Ki bar gidan ma gaba ɗaya. Su nemo nasu fi-o-fin a inda suka yarda da shi, wadda ta fi kowa zargin ki ita ta hura wutar.

Tambayoyinki kuwa, kin fi ɗaliban da ake turo mana. Alimun kusan rabinsa ruwa ne, shi ya sa yake narkewa a cikin ruwan jikinsa kafin ya kumbura. Gishiri ba ya gina jikinsa da ruwa. Ɗan abin da ya maƙale a ƙananan ramukansa ne ke fashewa, shi ne tas-tas ɗin da kika ji. Sukari ƙonewa kawai ya yi, ki bar shi wa shayi. Wanda ya zuba wa dutse ruwa kuma, jifsam a ƙarƙashin tsohon ruwan gishiri yake samuwa. Ruwan yana ƙafewa, dutsen yana tsirowa a cikinsa, yana kama rabonsa yana riƙewa. A daji na tsinci wani mai sheƙi kamar gilashi, na sa miki a ledar. Ki ɓoye shi tukuna, kada a ce kin ƙaro kayan aiki.

Yanzu maganar da ba za ki so ba. Ba don wasa na ce a leƙa saman silin ba. Ruwan nan da ya fita, shi ne ƙarfinsa. Duk inda wuta ta gasa ya koma hoda, kuma zaren da Albert ya ɗaure shi da shi a jikin katako a sama yake, inda wutar ta bi. Ta ƙasa za ki gan shi fari lafiyayye, amma fatar kawai ta rage. Abu ne mai nauyi, Yaya. Ko sun bar ki a ɗakin ko ba su bar ki ba, silin nan sai an sauke shi, kuma kafin ruwan farko. Daga yau ki ja katifarki bakin ƙofa. Na san aikin hannun wa nake cewa a fasa. Ki yi fushi da ni, amma ki ja katifar.

Naki,
Jonathan

*

Makera
Bayan Ista

Taubashina,

Gaisuwa da fatan kun yi Ista lafiya. Ka ce wa Miriam na ji kunya, kuma tukunya na jiran ta. Ina nan a Makera. A ɗakina nake rubuta maka.

Da na karanta takardarka na je gidan Baba Samson na durƙusa. Na ce, "Baba, ka kore ni in ka ga dama, amma ka fara yin abu ɗaya da hannunka." Ashe tsohon nan shi ma abin na cin sa. Ya ce shekarunsa nawa yana kula da tukunyar tururi a masaƙar Kakuri kafin a rufe ta, bai taɓa ganin tururi ya fito daga busasshen abu ba, kuma tun ranar Asabar ɗin nan yake son ya sake gani, tsoron bakin mutane ne ya hana shi. Ka san ana yi wa cocinmu sabon silin. Shi da kansa ya je ya tsinto gutsure a bayan bagade, ya shanya a gidansa, ya sayo madara ya juye don gwangwanin ya zama sabo. Ya ce Maman Faith ce za ta daka, ita za ta hura wuta. Ta ce Allah ya kiyaye. Ya ce, "Na ɗakin Ubangiji ne, me kike tsoro?"

Ni na tafi can bakin titi wajen mai lemo na zauna, na juya wa gidan baya, na kama bakina da hannu don kada a ce na yi magana. Ban ga komai ba. Can sai ga Maman Faith ta fito da gilashin a hannu, ruwa na gangarowa ta gwiwar hannunta. Ta tsaya a kaina ta ce, "Na cocin ma yana yi." Sai ta zauna a gefen kwata ta fashe da kuka, tana kiran keken ɗinkinta. Ba ta ce in yafe mata ba, ni ma ban nema ba. Na riƙe mata gilashin har ta gama.

Baba ya ce in zauna, ɗakin nawa ne har in gaji. Wasu har yanzu suna kauce mini a hanya, amma jiya gwate ya ƙare tun kafin azahar.

Sauran maganarka kuwa, na zage ka sosai, ka ji da kyau da kunnen dama. Na ce ba mai taɓa silin nan. Na ƙi jan katifar ma. Da kafinta ya zo sake rufi, ya leƙa ya sauko yana girgiza kai, na ce ƙarya yake, ya ba ni tsani. Na hau da kaina, da girmana da zanena. Jonathan, ta sama ba fari ba ne, toka-toka ne, duk ya tsattsage. Na ɗora yatsa, yatsan ya shige kamar a garin tuwo. Zaren da ya ɗaure shi saura ƙiris, wasu na taɓa su suka zube. Na tsaya a kan tsanin nan ina kallon yadda wuta ta cinye shi ta baya, alhali ta ƙasa ko tabo bai nuna mini ba.

Ni na ce a sauke. Ba Baba ba, ba kafinta ba. Na fitar da kaya, na tsaya a bakin ƙofa har aka gama, ban yi kuka ba sai da aka fara sharewa. Yanzu in na kwanta sabon kwano nake gani.

Na hana su zubar da ɓangaren da ke saman gadonmu. Na tuna ka ce hodar ƙishirwa take ji, na ce bari in ga ko ta Albert za ta sake sha. Na daka, na tankaɗe, na gasa a hankali har ta daina ɓulɓulowa, na bar ta ta huce. Shekara da shekaru ina auren mai fi-o-fi, ban taɓa sa hannu a kwaɓinsa ba, shi da aikinsa ni da tukunyata. Na zuba ruwan randa mai sanyi, na dama, da ya fara kauri na ɗebo curi guda na riƙe a tafin hannu ina jira in ga ko zai kama.

Ya kama. Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Yana cikin taurarewa sai na ji yana ɗumi. Ruwan sanyi na zuba, hodar a huce take, murhu a kashe. Ɗumin ya riƙa ƙaruwa a hankali har ya kai na hannun mutum, ya tsaya a nan. Na rufe shi da ɗaya hannun. Ban san iya lokacin da na yi a zaune ba.

Na san kana da bayani, har na ga ka gyara zama ka ɗauki biro. Ina so in sani, kuma zan tambaye ka. Amma kada ka gaya mini tukuna.

Uwargijiyarka,
Celina